Jelar Zaren Likita

Alhamis, bayan la'asar

Hannun yana nan. Wannan zan fara rubutawa, don in na karanta gobe in tabbata ba mafarki na yi ba. Hannun maigidana na dama yana nan a jikinsa da yatsunsa biyar, ba a cire komai ba.

An sallamo mu da azahar. Likitan tiyata ya ce gilashin ya yanke jijiyoyin da ke jan yatsu, sama da wuyan hannu kaɗan. Sun haɗa su sun ɗinke daga ciki, sannan suka rufe fatar. Na ce, "Likita, yatsun za su motsa?" Ya ce in ciwon ya warke lafiya bai yi ruwa ba, akwai sa rai sosai. In kuwa ya lalace, ɗinkin ciki ma yana iya bin sa. Mutumin da sana'arsa yankan gilashi ce, in yatsu suka ƙi, sai zaman falo da kallon silin.

Na kwantar da shi a doguwar kujera, na tara masa matashi a ƙarƙashin hannun yadda aka ce. Yana ta barci baki buɗe. Shekara da shekaru ina tsine wa minsharin nan, yau ga ni zaune ina sauraronsa da farin ciki.

Auta, ƙanina da suke shago ɗaya, shi ya kai shi asibiti ranar. Yana ganin an shige da shi ya fita. Tun daga nan ban sa shi a ido ba.

Juma'a, da safe

Babu rigarsa ko ɗaya da hannunta zai wuce robar nan mai tauri da aka ɗaure masa daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Sai na kwaso rigunan na zube, na farke ɗinkin hannun dama na kowace daga hammata har ƙasa, na kalmashe bakin, na sa maɓallai. Yanzu sai a kwantar da hannun a ciki a ɓalle.

Ya ce, "Uwar Allura, wannan fa rigata ce ta fita."

Na ce, "Fita ina? Daga kujera zuwa banɗaki?"

Ya yi dariya, dariyar ta girgiza hannun, ya cije leɓe. Daga yau na hana kaina ba shi dariya. Ban san yadda zan iya ba, bakina ba ya jin magana.

Asabar, da yamma

Ya ci abinci da hagu. Rabi a baki, rabi a cinya. Ya cinye dai.

Litinin, da azahar

Yau na ga ɗinkin. A ɗakin wankin ciwo wata nas doguwa mai tabarau a goshi ta kwance bandejin. Ni da nake huda yadi da allura tun ina yarinya, da na ga zare a naman mijina sai da na nemi bango na jingina. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiyar masu magana.

Da jirin ya sake ni na duba da idon sana'a, sai raina ya ɓaci. Wannan ne ɗinkin da ake shekaru a makaranta ana koyo? Baƙin zare mai santsi, an soka nan an ƙulle an yanke, an tsallaka an sake sokawa an ƙulle an yanke. Kowane ɗinki zaman kansa yake. Ƙulli a waje tsirara, kowane ƙulli da jela biyu a tsaye kamar gashin bakin kyanwa. Bakin fatar kuma an tattaro shi ya yi tudu. Da ni na miƙa wa mai kaya irin wannan aikin, a fuska zai jefo min.

Na ce, "Sista, wa ya yi wannan? Sauri yake yi ne?"

Ta ce, "Babban likita ne da kansa, Mama. Ɗinki ne mai kyau."

Maigida ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, na haɗiye sauran.

Ta koya min wankin a gida, don kada mu riƙa hawa da sauka kullum. In wanke hannu, in sa safa, in shafa ruwan kwalba da auduga daga sama zuwa ƙasa, in rufe da sabon ƙyallen bandeji. Kada ruwa ya taɓa, kada ya ɗauki komai, kada ya gwada yatsun da kansa. Ta ce ciwon a bushe yake, ba kumburi. Na sauke ajiyar zuciya har ta ɗago ta dube ni.

Talata, da hantsi

An bar lemo da ayaba a leda a bakin ƙofa. Ba a ƙwanƙwasa ba. Na san irin ƙullin ledar, ni na koya wa Auta shi yana ƙarami.

Laraba, da yamma

Inna ta kira. Ta yi ya mai jiki, ta yi addu'a.

Ta ce, "Kin nemi ƙaninki?"

Na ce, "Shi ya nemi ni?"

"Matarsa ta ce ba ya cin abinci."

"Ai shi yana da hannun ci, Inna."

Ta ce, "Ke dai bakinki ya fi allurarki tsini. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce ta daina min maganar yanke hannu a wannan makon. Ta ba ni haƙuri, ni ma na ba ta.

Abin da na sani kaɗan ne. Su biyu ne suka ɗauko babban gilashi daga mota, gefen Auta ya sauka. Mai shagon kusa da su ya ce min tun da safe ake jin muryoyinsu suna cacar baki, ya so ya faɗa min a kan me, na ce ya riƙe abinsa. Maigida kuwa abu ɗaya yake faɗa wa duk mai dubiya, gilashi ne ya zame. Ban tambaye shi ba. Ina tsoron amsar.

Amma na san wannan: in hannun ya tafi, ƙanina ma ya tafi. Ba zai ƙara iya hawa benen nan ba, ni kuma ban san ko zan iya buɗe masa ƙofa ba.

Alhamis, da azahar

Na buɗe shagona yau, ɗan lungun da ke ƙarƙashin matattakalar gidanmu. In maigida ya buga sanda a ƙasan falo ina ji.

Wani direba ya kawo kwat da sigari ya huda a gaba. Irin aikin da nake so ke nan. Na zaro zare daga cikin kalmasar kwat ɗin kanta, inda ido ba ya zuwa, na saƙa su tsaye, na bi da na kwance ina hawa ɗaya ina shiga ƙarƙashin ɗaya, har ramin ya cike. Na nutsar da bakin zaren a baya, na datse shi daidai da yadi. Direban ya juya kwat ɗin gaba da baya yana neman wurin bai gani ba. Wadda ta koya min sana'a takan ce ɗinki mai jela ɗinkin malalaciya ne, kuma takan bi bayan aikinki da yatsa, in ta ji tsini ki farke ki sake.

Rabon da in ji ni ce ni tun ranar da aka kira ni a waya cewa maigida ya ji ciwo.

Alhamis, bayan la'asar

Kullum in zan cire ƙyallen sai jelar zaren nan ta maƙale a ciki, in ja, shi kuma ya runtse ido. Yau na gaji da ganin haka. Na tafasa ƙaramin almakashina, na goge shi da ruwan kwalba, na datse jelar daidai kan ƙulli, tsaf. Na yi uku na wajen wuyan hannu, sai ya ce tsikar jikinsa na tashi, in bari. Sauran sai gobe.

Wurin ya yi kyau. Ƙyallen ya kwanta lafiya lau, ba abin da ya kama.

Juma'a, da safe

Bai bari na ƙarasa ba. Wai in bar wa likita aikinsa. Na ce likitan da ya bar aiki rabi?

Asabar, da hantsi

Ukun nan babu su. Na buɗe ƙyallen na tarar da zaren kwance a kan auduga, a warware. Bakin ciwon ya buɗe daga ƙasa.

Asabar, da yamma

Jikinsa da zafi.

Lahadi, da safe

Muna asibiti.

Litinin, da la'asar

Sai yanzu na iya ɗaukar biro.

Doguwar nas ce ta karɓe mu jiya. Ta sauke tabarau daga goshi, ta duba wurin da ya buɗe, ta duba sauran ɗinkin, ta ɗauki zaren da na kawo a auduga da hantsaki ta ɗaga shi a haske.

Ta ce, "Wa ya yanke jelar?"

Maigida ya ce, "Ni ne, Sista. Ta dame ni ne."

Ta ce, "Da hagu, Baba? Daidai wa daida haka?"

Na ce, "Ni ce."

Na zaci za ta wanke ni tas, kuma da ta yi da na fi jin daɗi. Sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce zaren nan santsi ne da shi, ƙullinsa yakan ja da baya kaɗan in fata ta kumbura ko ta motsa, jelar ce take hana shi kuɓucewa. Kuma da ita ake kamawa ranar cirewa. Ta ce, "Yadi ba ya kumbura, Mama. Inda kika ajiye shi nan yake kwana. Fata kuwa aiki take yi dare da rana."

Na ce, "Ba ki ce kada in taɓa ba."

Ta ce, "Ban taɓa samun wadda ta taɓa ba."

Garin gyaran gira na tashi tsone ido. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Likita ya zo ya danna, ruwa ya fito, ba mai yawa ba. Ya sa aka kwantar da shi, aka sa masa magani ta jijiya. Ya ce ƙwayar cuta ta shiga ta wurin da ya buɗe, amma da alama ba ta kai ga ɗinkin ciki ba. Da alama. Na riƙe kalmar nan kamar igiya.

Na ce, "To a ɗinke masa yanzu mana."

Ya ce a'a. Ba a rufe ciwo a kan ruwa. Za a bar shi a buɗe, a riƙa wankewa ana cusa ƙyalle, sai ya tsabtata.

A buɗe. Ni da ko safa na gani da huda a ƙafar baƙo sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Talata, da azahar

Zazzaɓin ya sauka. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Ya nemi shayi, ya ce ya yi sanyi, ya yi mita. Mai mita ai ya samu sauƙi.

Laraba, da hantsi

Na tsaya na kalli wankin yau har ƙarshe, ban nemi bango ba. Sauran ɗinkin da ban taɓa ba suna nan daram, ko gezau. Nas ta nuna min da bakin hantsaki. Ta ce shi ya sa ake yin su ɗaiɗai, kowane da ƙullinsa. In ɗaya ya tafi, na kusa da shi bai san an yi ba.

Na tsaya ina lissafi. Da irin nawa aka yi masa, zare ɗaya tiryan-tiryan daga sama har ƙasa, mai kyan gani, ƙulli ɗaya a ƙarshe, da ƙullin nan kawai zan datse komai ya zube har gwiwar hannu. Mummunan ɗinkin da na zaga shi ya tsare min miji.

Na ce mata, "Ki ce wa likita na janye maganata."

Ta ce, "Wace magana?"

Na ce, "Shi ke nan, tunda bai ji ba."

Laraba, da yamma

Ina ɓare masa lemo ya ce, "Uwar Allura."

Na ce, "Na'am."

"Ni dai danginku sun sa ni gaba. Ƙani ya yanka, yaya ta farke. Saura Inna ta zo ta ƙarasa."

Na ɗago a tsorace, sai na ga dariya yake yi. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, na kifa kai a gefen gadon na yi mai isata. Ya dafa kaina da hagu. Ya ce, "Ke don kada in ji zafi kika yi. Na sani."

Na ce, "Shi Auta fa?"

Ya kawar da kai. Ya ce in ba shi lemon kafin ya sha hawaye.

Wannan ne karo na farko da ya sa Auta a maganar hannun.

Juma'a, da safe

An sallame mu. Ramin yana nan a buɗe, amma cikinsa ya yi ja mai kyau. Nas ta ce jan nan sabon nama ne, daga ƙasa yake tasowa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Almakashi fa?" Na ce na kulle shi a shago.

Asabar, da la'asar

Na je shagon gilashi.

A buɗe yake. Auta ne a ciki shi kaɗai, ya kwantar da madubi a tebur yana ja masa layi. Wandonsa har yana zamewa don rama. An share wurin an wanke, amma na ga inda simintin ya fi sauran duhu, na ɗauke kai.

Ya ce, "Yaya."

Na zo da maganganu cike da baki, tun daga gida nake jera su. Sai na ji kaina ina ba shi labarin almakashi. Na faɗa masa duka, har da tafasawar, har da yadda na koma gefe ina yaba aikina.

Ya zaro ido. "Kin yanke zaren likita?"

"Na yanke."

"Yaya, ke fa ba ki da dama."

"To ai gida ɗaya muka fito."

Ya zauna a kan akwati ya rufe fuska da tafin hannu. Ya ce, "Wallahi ban sake da gangan ba. Amma raina a ɓace yake a lokacin, shi ne abin da ke cina. Da raina ba a ɓace yake ba, da wataƙila na riƙe da kyau."

Na ce ban zo tambaya ba. Na ce ya zo gida.

Ya ce ba zai iya kallon hannun a kwance ba. Ranar da yatsun suka motsa zai zo, ko da rarrafe. In ba su motsa ba, zai riƙe shagon ya riƙa aiko da abin da ya samu, amma kada in nemi ya haɗa ido da shi.

Taurin kai irin na gidanmu. Na zage shi, na sayo masa burodi da shayi, na tsaya a kansa sai da ya cinye. Na dawo gida jikina sakayau, rabon da in ji haka an daɗe.

Litinin, da azahar

Ramin ya ragu. Ko idona ne?

Laraba, da azahar

Ba idona ba ne. Nas ma ta faɗa.

Abin yana ba ni mamaki. Ni in na bar huda a riga, gobe sai ta fi haka girma. Wannan kuwa ana barinsa yana cike kansa, ba allura ba zare. Aikina kawai in wanke in rufe in cire hannuna. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Juma'a, da hantsi

Likita ya ce ya tsabtata. Ya kashe wurin da allura ya haɗe bakin da ya rage. Na roƙi a bar ni in kalla, aka bar ni daga nesa.

Allurar tasu lanƙwasasshiya ce, ba a riƙe ta da yatsa, da wani ƙarfe ake kama ta. Ya soka ta a tsaye, ya juya wuyan hannunsa ta fito ta ɗaya gefen, zurfi ɗaya, nisa ɗaya. Ya naɗa zare a bakin ƙarfen ya ja, ya sake naɗawa ta ɗaya hannun ya ja. Bai matse ba, ya dai sa bakin biyu sun gaisa. Tudun da na raina ashe da gangan ne, wai in ya warke zai kwanta daidai. Mutumin ya iya ɗinki, in faɗi gaskiya. Hannunsa ko rawa.

Da ya zo yankewa ya bar jela mai tsawo, ya waiwayo ya dube ni. Ashe labari ya kai masa. Na ce, "Ƙara mata tsawo ma, likita."

Asabar, da yamma

Lemo a bakin ƙofa. Na leƙa ta taga na ga bayan Auta yana tsallaka titi.

Maigida ya ce, "Mai lemon nan ba ya gajiya?" Na ce ban san shi ba. Ya ce, "Ki ce masa na fi son ayaba."

Talata, da safe

An cire tsofaffin zaren. A kama jela da hantsaki, a ɗaga, a datse ƙarƙashin ƙulli, a zare. Ko uffan ban ce ba.

Alhamis, da azahar

An tura mu wurin mai motsa gaɓoɓi, wani mutum mai sanƙo da murya ƙasa-ƙasa. Shi yake lanƙwasa yatsun da hannunsa yana miƙewa, maigida ba ya sa ƙarfi. Ya ce jijiyar da aka ɗinka sai an riƙa zamar da ita a hankali, in ba haka ba ta manne da nama. A gida ni zan riƙa yi.

Yatsun sun yi laushi, duk kantar ta tafi. Hannun da nake cewa yana kankare min fata in ya riƙe ni, yanzu ya fi nawa santsi. Ban so haka ba ko kaɗan.

Lahadi

Ba labari. Rashin labari ma daɗi gare shi.

Laraba, da hantsi

An cire sauran zaren. Ciwon ya rufe ruf. Inda likita ya ɗinka tun farko siririn layi ne. Inda na sa hannu kuwa tabo ne mai faɗi, ya ɗan lotsa. Maigida ya ce zai riƙa nuna wa mutane, nan aikin likita, nan aikin gwana.

Ranar Litinin za a ce ya gwada da kansa.

Asabar, da la'asar

Na ɗinke aljihu a baibai, na farke, na sake ɗinke shi a baibai. Na rufe shago.

Litinin, da azahar

Sun motsa.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta da kyau.

Mai sanƙo ya cire robar, ya kwantar da hannun a kan tawul, ya ce, "Baba, a hankali, kamar za ka kama ƙwai." Maigida ya zuba wa hannun ido. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ba abin da ya faru, har na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai manuni ya ɗan girgiza, ya lanƙwaso. Na tsakiya ya biyo shi. Na kusa da shi ya taho da ƙyar. Babban yatsa ya zo ya same su.

Ƙaramin bai zo ba. Yana nan a miƙe shi kaɗai.

Mai sanƙo ya sa aka sake, aka sake. Ya ce huɗun nan sun kama hanya, da aiki za su yi ƙarfi. Ƙaramin kuwa jijiyarsa ce ta fi kusa da inda ya yi ruwa, ta yiwu ta manne. Wataƙila ya saki nan gaba, wataƙila sai an sake tiyata, wataƙila haka zai zauna.

Inda ya yi ruwa. Na san wa ya jawo.

Maigida ya ce, "Zan riƙe abin yanka?"

Ya ce, "Za ka riƙe. Ba yau ba."

A mota na ce masa ya yafe min yatsan. Ya ce, "Huɗu sun dawo kina kukan ɗaya? Da me nake amfani da shi, in ba sosa kunne ba?" Ina murna, ina jin zafi, duka biyun a lokaci guda, kuma murnar ta fi yawa.

Talata, da safe

Na kira Auta na faɗa masa. Ya yi ta hamdala. Sai ya ce, "Duka biyar?" Ni kuma da bakina da ba ya iya ƙarya na ce huɗu. Ya ce to bari na biyar ɗin ya motsa.

Na kashe wayar don kada in faɗi abin da Inna za ta ji.

Laraba, da la'asar

Na faɗa wa maigida yadda muka yi da Auta, tun daga zuwana shago har wayar jiya. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce in ɗauko masa kujera in ajiye a bayan ƙofa.

Na ce, "Ta me?"

Ya ce, "Yau ranar lemo ce." Ashe yana lissafin ranakun da ake ajiye ledar.

Ya zauna a nan tun azahar, hannu a cinya. Da muka ji takun a matattakala, a hankali irin na marar gaskiya, sai ya miƙe. Ledar tana taɓa ƙasa ya buɗe ƙofar da hagu.

Auta yana duƙe. Ya ɗago, ya ga ko wane ne, ya yi kamar zai juya.

Maigida ya miƙa masa hannun dama. Ba roba, ba bandeji, tabon a fili.

Auta ya ce, "Yaya, kada in fama maka."

"Kama."

Ya sa hannunsa a ciki kamar mai taɓa wuta. Na ga yatsun huɗu sun taho a hankali, suna rawa, sun rufe a kan nasa. Ƙaramin yana tsaye a gefe.

Maigida ya ce, "Ka ji riƙo?"

"Na ji."

"Ba duka ke nan ba, an hana ni sa ƙarfi." Ya nuna ƙaramin yatsan da haɓa. "Autan yatsu ya ce ba zai dawo ba. Auta ɗaya ya ishe ni rashi. Shigo."

Auta ya fashe da kuka a tsaye, ƙato da shi, mai 'ya'ya. Maigida bai sake shi ba. Da hannun ya jawo shi, ja ɗan kaɗan wanda ko labule ba zai ɗaga ba, ƙanina kuwa ya biyo shi har tsakiyar falo.

Na ɗauko ledar daga bakin ƙofa na rufe. Ina jin su daga kicin, maigida yana tambayar wa ya yanka madubin da wani mai otal ya ba su aiki, Auta yana amsawa da toshasshen hanci. Hankalina ya kwanta. Na ƙara shinkafa a tukunya.